Tausa ga mai juna biyu: ina ake taɓawa, ina ake bari?

Uwar Zaure: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayar tausa ta yi yawa a akwatin saƙo wannan makon. Masu ciki suna kukan baya da ƙugu, wasu an ce musu kada a kuskura a taɓa jikinsu sai sun sauka, wasu kuma ana kai su wajen masu gyaran ciki. Tunda muna da ungozoma da likita da masu sana'ar a cikinmu, don Allah a warware mana.

Sista Ungozoma: Wa alaikumus salam Hajiya. Mai lafiyayyen ciki, wadda take zuwa awo kuma ba a ga wata matsala ba, za a iya yi mata tausa a wuya da kafaɗu da gadon baya da ƙugu da hannuwa. Wurare biyu ne ba a danna su da ƙarfi ko da wasa: shi kansa cikin, da sha-raɓa har zuwa cikin cinya. Kafin ma a zo ga hannu, a fara gyara kwanciya, don a nan aka fi kuskure. Daga mako na 20 kada ta kwanta rigingine ana yi mata tausa. Akwai babbar jijiyar da ke mayar da jinin ƙafafu da mara zuwa zuciya, tana bi ta gefen dama na ƙashin baya. Idan ta yi rigingine nauyin mahaifa yana danne ta, jinin da ke komawa zuciya ya ragu. Sai ki ga jiri, gumi, tashin zuciya, fuska ta yi fari, kuma jinin da ke zuwa wa jariri ma ya ragu. Maganinsa nan take shi ne a juya ta ɓangaren hagu. Rub da ciki kuwa da zarar ciki ya turo an gama da shi.

Anti Fisiyo: Bari in ɗora kan maganar Sista da yadda ake shirya kwanciyar. Ta fara yin fitsari tukuna. Ta kwanta a gefen hagu kan katifa mai ɗan tauri, ba mai lotsawa ba. Filo uku ake buƙata, huɗu ya fi. Ɗaya a ƙarƙashin kai, tsayinsa ya cike tsakanin kunne da kafaɗa don kada wuya ya karkace. Na biyu mai kauri tsakanin gwiwoyi, ya kai har idon sawu, ta yadda gwiwar sama za ta daidaita da ƙugu. Idan gwiwar sama ta faɗo gaba ta taɓa katifa, ƙugu ya murɗe ke nan, tausar za ta ƙara mata ciwo maimakon ta rage. Na uku siriri ko tawul da aka naɗe a tura ƙarƙashin ciki ya tallafe shi. Na huɗun ta rungume.

Ana iya juyawa dama na ɗan lokaci don a yi ɗaya gefen, ba laifi. Wadda ƙwannafi ko haki ya hana ta kwanciya, ta zauna a kujera ta kifa hannuwa da goshi kan filo a bisa tebur, a yi mata daga baya.

Tausar kanta: cokalin shayi ɗaya na mai ya isa baya duka, a murza shi a tafin hannu ya yi ɗumi. Minti uku zuwa biyar na farko shafa ce kawai da tafin hannu, daga ƙugu zuwa kafaɗa, a sauko ta gefe a hankali. Sannan babban yatsa ya riƙa yin ƙananan da'ira a kan naman da ke gefen ƙashin baya, kamar faɗin yatsu biyu daga ƙashin. Ba a danna ƙashin kansa. Sai kafaɗa da wuya a matsa su a saki. Sai naman ɗuwawu da gindin tafin hannu, don wani ciwon da ake cewa na ƙugu daga nan yake. Minti 15 zuwa 20 ya wadatar a gida. Ma'aunin ƙarfi shi ne ta iya hira tana numfashi daidai. In ta riƙe numfashi ko ta cije leɓe, hannu ya yi nauyi. Da an gama ta tashi ta gefe, ta zauna minti ɗaya ko biyu kafin ta miƙe, ta sha ruwa.

Maman Ilham: Anti, ƙafa fa? Ai ita ce ta fi damun masu tsohon ciki, kumburi da nauyi. Me ya sa Sista ta ce a bar sha-raɓa?

Likitar Mata: Saboda gudan jini, Maman Ilham. Jinin mai ciki ya fi na sauran mata saurin daskarewa, shiri ne na jiki don kada ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa. Ga mahaifa ta danne jijiyoyin mara, jini yana tafiya a hankali a ƙafa. Haɗarin gudan jini a jijiyoyin cikin ƙafa yana ninkawa kamar sau huɗu zuwa biyar, yana nan har makonni shida bayan haihuwa, kuma ƙafar hagu ya fi kamawa. Idan akwai gudan aka murza da ƙarfi, yana iya ɓallewa ya bi jini ya toshe jijiyar huhu. Wannan yana kisa cikin ɗan lokaci.

Don haka kafin a taɓa ƙafa a dube ta. Kumburin ciki na yau da kullum yana kama ƙafafu biyu daidai, ya fi yawa da yamma, ya ragu da safe, ba zafi. Na gudan jini ƙafa ɗaya ce, da ciwo, wani lokaci da ɗumi ko sauyin launi, wani lokaci ciwon ma a cinya ko matsematsi yake. A ɗauki tef ɗin tela a auna sha-raɓa biyu a wuri guda. Bambancin santimita 2 ko fiye abin zargi ne. Amma ko ba a auna ba, ƙafa ɗaya mai ciwo da kumburi asibiti ake kai ta a ranar. In haki ko ciwon ƙirji ko tarin jini ya biyo baya, ba a jiran gari ya waye.

Anti Fisiyo: In ƙafafun biyu lafiya suke, abin da ake yi shafa ce mara nauyi, daga tafin ƙafa zuwa sama wajen gwiwa, kullum hannu ya nufi sama. Ba matsa, ba tsunkule nama, ba danna yatsa cikin sha-raɓa ko bayan gwiwa. Inda jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa suka murɗe, a tsallake wurin. Tafin ƙafa da yatsu da dunduniya ana iya murza su sosai, su ne ma suka fi daɗi. Kumburi kuwa ɗaga ƙafa kan filo minti 20 zuwa 30 tana kwance a gefe, da juya idon sawu, da ɗan tattaki, suna taimakawa. Ɗaurewar jijiya ta tsakar dare kuma ba murza ake yi ba: ta miƙe ƙafar, a ja yatsun zuwa wajen ƙauri a riƙe har ta saki. Wannan cikin mintuna yake wucewa. In ciwon ya wuni bai tafi ba, a koma maganar Likita.

Gwaggo Mai Tausa: To ni 'ya'yana akwai inda ban yarda ba. Kun ce kada a taɓa ciki. Mace mai wata takwas fatar cikinta tana ƙaiƙayi tana ɗaurewa, man kaɗe ake shafa mata tun iyaye da kakanni. Sai a ce haramun ne?

Sista Ungozoma: A'a Gwaggo, ba wannan muke nufi ba, kuma kin yi daidai da kika raba mana. Shafa mai a fatar ciki da tafin hannu, hannu yana zamewa a sama ba ya nutsewa, babu komai. Abin da muke hanawa shi ne danna ciki, da cusa yatsu a mara wai ana ɗago jariri ya sauka ƙasa da yawa, da murɗa shi wai ana gyara masa kwanciya. Mabiyiya manne take a bangon mahaifa da jijiyoyin jini masu yawa. Ƙarfi daga waje yana iya ɓamɓare ta kafin lokaci. Jinin ba lallai ya fito waje ba, yana iya taruwa a bayanta, sai dai ciki ya yi tauri kamar katako, ciwo ba ya saki, motsi ya tsaya. Wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa kuwa har tabon mahaifar yana iya yagewa.

Gwaggo Mai Tausa: In yaro ya gicciye ko ya zauna fa, Sista? Ku ma ai juya shi kuke yi a asibiti, mun sani.

Likitar Mata: Gaskiya ne Gwaggo, ana juyawa, amma duba sharuɗɗan. Kafin mako na 36 ba a ma damuwa, don yawancin jarirai da kansu suke juyawa, uku zuwa huɗu cikin 100 ne kawai ke kaiwa lokacin haihuwa a zaune. Waɗannan ake gwada juyawa daga mako na 36 ko 37. Sai an yi hoton ciki an ga inda mabiyiya take da yawan ruwa. Ana sauraron bugun zuciyar jariri kafin a fara da bayan an gama. Sau da yawa ana ba da allurar da ke sassauta mahaifa. Mai rukunin jini nagetif ana yi mata allurar kariya da ake yi wa masu irin jininta. Kuma ɗakin tiyata a kusa yake, in zuciyar yaro ta sauka a ciro shi nan take. Duk da haka kusan rabi ne ake dacewa. Hannu, komai ƙwarewarsa, ba ya ganin inda mabiyiya ta kwanta ko inda igiyar cibiya ta bi. Wadda kika taɓa kika ji kan yaro ba a ƙasa yake ba a watan tara, babban taimakon da za ki yi mata shi ne ki turo ta hoto.

Ummu Haidar: Allah ya saka. Wata ukun farko fa? Wuraren tausa da yawa ba sa karɓar mai ƙaramin ciki.

Anti Fisiyo: Ba sa karɓa ne don yawancin ɓari a makonni 12 na farko yake faruwa, galibi saboda matsalar ƙwayoyin halittar ɗan tayin, suna gudun a ɗora musu laifi. Babu hujjar cewa tausar kafaɗa da baya mara ƙarfi tana zubar da ciki. A ganina miji ko 'yar uwa su matsa mata wuya da kafaɗa lokacin laulayi ba matsala.

Sista Ungozoma: Na yarda da Anti a kan hujja, amma ni ina da tsauri a nan. Wadda ta taɓa ɓari fiye da sau ɗaya, ko tana ganin ɗigon jini, ko mara na murɗa mata, ta haƙura da ƙugu da ƙasan baya har a duba ta. Ba don tausar za ta jawo ba. Ciwon mara na gefe ɗaya da ɗigon jini a wata na biyu yana iya zama cikin da ya zauna a wajen mahaifa, kuma kwana biyun da za a ɓata ana tausa su ne ake buƙata a asibiti.

Likitar Mata: Wannan batu na Sista shi ne ya fi damuna a kan tausa gaba ɗaya, fiye da hannun mai yi. Ciwon da ya kamata ya kai mace asibiti sai a rufe shi da man zafi. Ciwon baya da ke zuwa yana tafiya a kan lokaci, ciki yana tauri tare da shi, kafin mako na 37, naƙudar bakwaini ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Ciwon kwiɓi da zazzaɓi da zafin fitsari, ƙoda ce ta kamu. Ciwon gaɓoɓi da sanyi-sanyi, a yi gwajin maleriya, don mai ciki ba ta jure ta kamar kowa. Mai sikila da ƙashi ke sara, ciwonta ne ya tashi, ruwa da magani take buƙata, ga shi kuma tana cikin masu yawan haɗarin gudan jini.

Sai wanda ya fi ruɗar mutane: ciwon kai mai tsanani bayan mako na 20, da kumburin fuska da hannu har zobe ya ƙi fita, da gani dishi-dishi ko walƙiya, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Nan za ki ji an ce gajiya ce, a matsa mata kai da wuya. A auna jini. In ya kai 140 bisa 90, hanyar jijjigar masu ciki ce, kuma tausa ba ta sauke shi.

Waɗanda ba za a yi musu ba sai likitansu ya amince: mai zubar jini, wadda faya ta fashe, wadda hoto ya nuna mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa, wadda aka ɗaure wa bakin mahaifa, mai hawan jini, wadda ta taɓa gudan jini ko take kan allurar tsinka jini, da wadda motsin jaririnta ya ragu.

Hajiya Mai Gyaran Jiki: Likita, mu masu dilka da halawa da dukhan masu ciki suna zuwar mana, musamman gab da biki. Me za mu yi musu, me za mu bari? Da kuma batun mai.

Likitar Mata: Madalla da tambaya, Hajiya. Dukhan da surace da duk abin da za a lulluɓe mace ta yi gumi sharkaf, a bari har ta haihu. Zafin cikin jiki in ya haura digiri 39 a makonnin farko yana da alaƙa da nakasar ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri, daga baya kuma yana faɗar da jini ta yanke jiki, ban da hayaƙin da take shaƙa. Dilka a hannu da baya da sauƙin hannu, tana zaune ko a gefe, ba laifi, amma a ƙafa ba a dirza, a ciki ba a yi. Sharaɗi shi ne ki san abin da ke cikin haɗin. Duk wanda aka zuba masa sinadarin bilicin kada ya taɓa fatarta, don wasunsu suna ratsa fata su shiga jini. Halawa tana yiwuwa, sai dai fatar mai ciki ta fi saurin jin zafi da yin tabo, kuma ba a ɗora ta kan jijiyoyin da suka kumbura.

Anti Fisiyo: Mai kuwa mara haɗi ya fi: man kaɗe, man zaitun, man kwakwa, man riɗi. A gwada ɗan kaɗan a cikin hannu tukuna. Mayukan ƙamshi masu ƙarfi na ƙananan kwalabe ba a shafa su zalla. A wata ukun farko a bar su, bayan nan in dole ne ɗigo ɗaya a cokalin shayi ɗaya na man zaitun, kashi ɗaya cikin 100 ke nan. Na kirfa da na kanumfari a bar su sam, suna ƙona fata. Man zafi na kasuwa a karanta jikin kwalba, da yawansu an rubuta methyl salicylate, dangin asfirin ne kuma yana shiga ta fata, ballantana in aka mulke baya duka aka rufe. Haka man shafawa mai diklofenak. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu ciki a kan dangin wannan magani daga mako na 20, don yana iya taɓa ƙodar jariri ruwan ciki ya ragu. Kada a shafa sai da izinin likita. Mai son gashi ta sa ruwan ɗumi a gora, a naɗe da tawul, a ɗora a baya minti 15, ba a ciki ba.

Maman Ilham: Ana cewa akwai wani wuri a idon sawu da in aka danna naƙuda ke tashi. Gaskiya ne?

Anti Fisiyo: Daga likitancin gargajiya na Sin maganar ta fito. Wurin yana faɗin yatsu huɗu sama da idon sawu ta ciki, akwai wani kuma tsakanin babban yatsa da manuni. An gwada su da gangan a kan matan da watansu ya cika don a tayar da naƙuda, sakamakon bai nuna wani tasiri a fili ba. Hannu ya bi ta wurin yana shafa ba zai jawo komai ba. Duk da haka babu dalilin tsayawa a danna wurin da ƙarfi, ballantana na ƙafar yana daidai inda muka ce a sassauta.

Abin da ya fi wannan faruwa a gidajenmu shi ne a sa yaro ya hau baya ya tattaka, ko a ja ƙafa da hannu har gaɓa ta yi ƙara. Ga mai ciki duka biyun babu. Jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓinta sun saki saboda shirin haihuwa, musamman na ƙashin ƙugu. Wadda ke jin ciwo a ƙashin gaba in za ta hau bene ko ta juya a gado, kada a buɗa mata ƙafafu, kada ta zauna ta ware su a kan kujera. Gwiwoyi a haɗe take juyawa. Injin tausa mai bugawa shi ma a taƙaita shi a kafaɗa, a mafi ƙarancin gudu.

Gwaggo Mai Tausa: Ƙaho fa? Wasu suna zuwa da ciwon ƙugu su ce a kira musu wanzami.

Likitar Mata: A jinkirta shi, Gwaggo. Ba a kafa ƙaho a ciki ko ƙasan bayan mai juna biyu, kuma yawancin matanmu da ƙarancin jini suke shiga watan haihuwa, ba su da na zubarwa.

Ummu Haidar: Sista, ku yi haƙuri da tambayar, tunda mu mata ne zalla. Tausar gaba da ake cewa tana hana ƙari, yaya take?

Sista Ungozoma: Babu kunya a neman lafiya, ƙanwata. Tana rage yiwuwar yagewar da sai an ɗinke da kuma yankan ƙari, musamman ga mai haihuwar fari, amma ba ta hanawa ɗari bisa ɗari. Daga mako na 34 ko 35 ake farawa. A yanke farce, a wanke hannu da sabulu, an fi jin sauƙi bayan wanka da ruwan ɗumi. Ta jingina da filo a bayanta, ba rigingine ba, gwiwoyi a lanƙwashe. A shafa man zaitun ko na kwakwa mara ƙamshi a babban yatsa, a shigar santimita 3 zuwa 4, a danna ƙasa wajen dubura har ta ji wurin ya ja da ɗan raɗaɗi, a riƙe kamar minti ɗaya. Sannan a bi ƙasan wurin daga gefe zuwa gefe a hankali. Ba a danna sama wajen mafitsara. Minti biyar ya isa, sau biyu zuwa uku a mako. In ciki ya tare hannu, maigida ya yi da manuni. Ba a yi in akwai ƙaiƙayi ko ruwa mai wari ko ƙuraje, ko jini, ko faya ta fashe, ko mabiyiya tana ƙasa.

Maman Ilham: A ɗakin haihuwa kuma ana barin a yi wa mace tausa? Wasu wuraren ko kusa ba sa bari a zo.

Sista Ungozoma: Ya danganta da tsarin wurin da yawan gadaje a ɗaki, shi ya sa ake tambaya tun a awo. Amma shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 sun amince da tausa da gashin ɗumi don rage zafin naƙuda, da kuma barin mace da wanda ta zaɓa ya zauna da ita. Mai rakiya ta sa gindin tafin hannu a kan faffaɗan ƙashin da ke ƙasan baya, sama kaɗan da tsagin ɗuwawu. Da ciwo ya taso ta danna da nauyin jikinta ta riƙe, ba murzawa, ɗaya hannun yana tallafe da ƙashin ƙugu ta gaba don kada ta tura ta. Da ya lafa ta saki, ta shafa kafaɗa. Mai naƙudar ce ke cewa a ƙara ko a rage, in ta ce a daina taɓa ta a daina. Kada kowa ya danna saman ciki wai yana taya ta turo yaro, kuma kada a ja igiyar cibiya ko a matse ciki don mabiyiya ta faɗo, wannan aikin mai karɓar haihuwa ne.

Hajiya Mai Gyaran Jiki: To daga yau sai na ga katin awo kafin in taɓa mai ciki. Likita, me zan duba a jiki?

Likitar Mata: Makon cikin, awon jini na ƙarshe da ranar da aka yi shi, da abin da hoto ya ce game da mabiyiya. Sannan ki tambaye ta da baki: jini, ruwa, ciwon kai, motsin yaro yau. Ki dubi ƙafafunta biyu da idonki kafin ki buɗe kwalbar mai. In katin ya nuna ta fi wata guda ba ta je awo ba, ta fara zuwa can.